Yadda za ka rubuta tarihin mahaifinka sojan sama tun masu labarin suna da rai

Ni ba matuƙi ba ne. Makanikin jirgi ne ni, a rundunar sojin sama na yi aiki har na ajiye kaki, kuma yawancin ƙuruciyata a ƙarƙashin fiffiken jirgi ta ƙare, tsakanin Kaduna da Kano da Kainji. Mu ne masu duba jirgi mu sa hannu kafin oga ya hau, mu ne kuma masu tsayuwa a rana muna ɗaga kai har ya dawo. Yanzu da girma ya kama ni, 'ya'yan ogannina da suka riga mu gidan gaskiya sukan neme ni, wani a waya, wani takanas har gida, kuma tambayar ba ta wuce ɗaya: Baba, muna so mu rubuta wani abu a kan mahaifinmu, ta ina za mu fara? Abin da nake gaya musu shi zan zuba a nan. Da “kai” zan yi magana, amma har da ke 'yata, don na lura mata sun fi riƙe wannan aiki har ƙarshe.

Ƙananan littattafan tunawa da ake rabawa wurin addu'a na karanta su da yawa, kuma kusan duk abu ɗaya ke damunsu. Mutum ne mai haƙuri, mai son jama'a, jarumi, ya bauta wa ƙasarsa. Cire sunan ka sa na wani, babu abin da zai sauya. Dalili kuwa shi ne bariki ta san rabin mutumin, gida ya san rabi. Runduna tana da lambarsa da muƙaminsa da yawan sa'o'in da ya yi a sama, amma ba ta san shi ke yi wa ƙannenka aski da kansa ranar Asabar ba. Ku kuma kun san askin, ba ku san daga ina ya dawo daren Juma'a ba. Aikinka duka shi ne ka haɗa rabin nan biyu a takarda guda.

Fara da logbuk

Kowane matuƙi yana da littafin da yake rubuta duk tashin da ya yi, logbuk muke ce masa. Kafin ka nemi hoto, kafin ka buga wa wani Janar waya, nemo wannan littafi. Galibi yana cikin akwatin ƙarfen nan da aka rubuta sunansa da farin fenti, ƙarƙashin tsofaffin kaki da warin kafur. In ya daɗe yana tashi za ka tarar da fiye da ɗaya. In kuwa a bakin aiki ya rasu, mai yiwuwa littafin ya tsaya a hannun rundunar da ya yi aiki da ita a ƙarshe. Sai wanda marigayin ya rubuta a matsayin makusancinsa a takardun soja, mahaifiyarku ce ko babban wanku, ya rubuta wasiƙa a nema. A haɗa da lambarsa ta aiki, don da lamba ake neman soja, suna kan zo ɗaya.

In ka buɗe za ka ga layuka ne kawai da ƙananan rubutu. Kwanan wata, irin jirgin, lambar da ke jikinsa, wanda ya tuƙa, wanda ke tare da shi, aikin da aka fita yi, da tsawon lokacin, na rana daban na dare daban. Ƙarshen wata a haɗa jimla, kwamanda ya sa hannu. Mutane sukan juya shafi biyu su rufe, su ce babu labari a ciki. Akwai. Shi ne zaren da za ka jera duwatsun a kai.

Duba shafukan farko ka nemo ranar da gurbin malami ya zama wayam. Ranar nan ce ya fara tashi shi kaɗai, kuma babu matuƙin da ke manta ta. In a Kaduna ya koyi tuƙi, ƙaramin jirgi mai farfela za ka gani, Bulldog ga na da, Air Beetle ga waɗanda suka biyo baya, Super Mushshak ga yaran yanzu. In ka ga L-39 ya fara bayyana, to an tura shi Kano koyon jet, inda malami ke zama a bayan ɗalibi maimakon gefensa. Daga nan irin jirgin kaɗai ya isa ya gaya maka garin da kuka zauna: MiG-21 Makurɗi ke nan, Alpha Jet Kainji, C-130 Ikeja.

Sai ka samo babbar takarda ka raba ta biyu da layi. Hannun dama ka kwashe manyan ranaku daga logbuk da takardun ƙarin girma. Hannun hagu ka jera ranakun gida: aurensa, haihuwar kowane ɗa, rasuwar kakanninku, shekarar da ya je Hajji, shekarar da ya sayi filin da ya gina. Ka jera su shekara da shekara suna kallon juna. Nan ne tambayoyi za su fara fitowa da kansu. Ranar sunanka yana gida? Watan da kakarku ta rasu, me ya sa aka ga ya tashi kusan kullum? In ka ga shekarun 1990 zuwa sama cike da Monrobiya da Firitawun, zamanin ECOMOG ke nan, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, yaƙin Laberiya da Saliyo, sai ka tambayi kanka wa ya riƙe gidan a watannin nan, da wane kuɗi.

Kada ka tsallake wuraren da babu rubutu. Wata shida ba tashi yana da dalili: ko kwas a kwalejin soja ta Jaji, ko karatu a waje, ko rashin lafiya, ko an ba shi aikin ofis yana ta ƙunƙuni. Wani lokaci kuma jirgin ne babu. A zamanin Abacha, musamman bayan 1995 da ƙasashen Turai da Amurka suka tsananta takunkumi, kayan gyara sun yi wuya ƙwarai, jirage da yawa suka zauna a ƙasa. Mu muka san wannan, don mu ke cire kaya a wannan jirgi mu sa wa wancan. Matuƙin da ba ya tashi kuwa ba ya da daɗin zama a gida. In mahaifiyarku ta ce akwai wasu shekaru da ya yi ta faɗa ba gaira ba dalili, duba ko su ne shekarun da logbuk ya yi shiru.

Wa za ka tambaya

Mahaifiyarku ce farko, amma ba cikin zaman makoki ba. Bari ta fita takaba, wata huɗu da kwana goman nan su wuce, gida ya rage baƙi. Kada kuma ka zo mata da biro da takarda kamar ɗan jarida. Zauna kusa da ita lokacin da hannunta ke wani aiki, tana tsince shinkafa ko gyaran zogale, ka nemi izininta ka kunna rikodin na waya ka kife ta a gefe. Kada ka ce, “Umma, wane irin mutum ne Baba?” Amsar da za ka samu ita ce Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, shi ke nan. Tambayi ƙananan abubuwa. Me yake ci in zai tashi da asuba? Yana gaya miki inda za shi? In ya dawo, me yake fara yi, wanka ko salla ko ɗaukar yaro? Wa ke goge masa kaki? Albashinsa na farko bayan aure me ya saya?

Sannan ka tambaye ta ko tana ƙirga jirage. Matan bariki sun san ƙarar kowane jirgi, wasunsu sun fi kurtu sani. Ina zaune wata Hajiya, matar wani ogana, take ba ɗanta labari. Ta ce in sun tashi da safe takan rage muryar rediyo ta ƙirga, in suna dawowa ta sake ƙirgawa. Wata rana cikin hunturu huɗu suka tashi, uku suka dawo. Ba ta yi kuka ba, ba ta shiga maƙwabta ba. Sauke tukunya ta yi, ta yafa mayafi, ta ɗauko kujera 'yar tsugunno ta zauna a bakin ƙofa tana jiran motar da za ta tsaya. Har magariba ba mota. Ashe hazo ne ya rufe filin, aka ce ya sauka a wani gari. Washegari sai ga shi da ƙunshin kilishi a hannu, bai ce komai ba, ita ma ba ta ce ba. Yaron ya je ya ɗauko logbuk muka nemo ranar. Layi ɗaya ne: ya tashi daga nan, ya sauka can. Wannan layi da wannan kujera, su nake so ka haɗa a shafi guda.

In mata biyu ne ko uku, kowacce ka zauna da ita ita kaɗai, a ɗakinta, ka ba ta lokaci daidai da na 'yar'uwarta. Wadda aka rabu da ita ma, in tana da 'ya'ya a gidan, a je a gaishe ta a ji nata. Sunayen 'ya'ya a jera su bisa haihuwa, ba ɗaki-ɗaki ba.

Bayan gida sai 'yan kwas ɗinsa, waɗanda suka shiga NDA, makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna, tare. Su suka san sunan tsokanar da ake kiransa da shi da irin horon da suka sha. Sai dai hafsoshi in suka ga rikoda sukan gyara murya su yi maka jawabi. Bar su su gama jawabin, ka sha lemonka, sannan ka ce, “Ranka ya daɗe, wace rana ce ka fi ganin ya tsorata?” Daga nan hira take farawa.

Kuma don Allah kada ka tsaya kan manya. Nemo mu. Nemo makanikin da ya riƙe jirginsa, da direbansa, da kukun mes, wato gidan cin abincin hafsoshi, da mai gadin gidansa. Halin hafsa a wurin na ƙasa da shi ake ganinsa. Ni zan iya gaya maka wanda in ya zo duba jirgi sai ya zagaya shi sau biyu, ya durƙusa ya leƙa taya, ya shafa hancin jirgin da tafin hannu yana motsa baki, sannan ya dube ni ya ce, “Oga, na hau?” Shi hafsa, ni mai igiya, amma a bakin jirgi oga yake ce mini. Zan iya gaya maka kuma wanda ba ya amsa gaisuwa. Tsofaffin makanikai ba mu da wuyar samu. Tambayi ofishin 'yan mazan jiya na jiharku, ko ka je wurin tantance 'yan fansho, ɗaya zai haɗa ka da goma. Amma ka hanzarta, kowace shekara raguwa muke yi.

Daidaita muƙami da shekaru

A nan ne ake yawan jin kunya. Muƙaman sojan sama ba irin na sojan ƙasa ba ne. Filait Laftanar shi ne daidai da Kyaftin, Sikwadiron Lida daidai da Manjo, Wing Kwamanda daidai da Laftanar Kanar, Gurup Kyaftin daidai da Kanar, Iya Komodo daidai da Birgediya Janar. Ka ga wanda ya gajarta Gurup Kyaftin ya rubuta Kyaftin kawai ya sauke mahaifinsa da hawa uku, kuma abokan aikinsa za su gani tun a bangon littafi. Kwafo muƙamin daga takardar sallamarsa harafi da harafi. Ƙarƙashin kowane hoto kuma ka sa muƙamin da yake da shi a lokacin hoton, ba na ƙarshe ba. Duba kafaɗarsa ka ƙirga, in ba ka iya ba ka nuna wa tsohon soja.

Tarihin rundunar kaɗan ya ishe ka, gwargwadon inda ya taɓa shi. An kafa ta a 1964 da taimakon Jamusawa, kuma matuƙan farko a Habasha da Kanada da Indiya da Jamus aka horar da su. In mahaifinka ko kakanka na cikin waɗannan ne, yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 yana cikin labarinsa, zamanin MiG-17 da L-29. Abin da tsofaffi suka gaya maka na shekara, gwada shi da takarda, don tsufa kan haɗa shekaru biyu ya mai da su ɗaya. Tsofaffin jaridu irin su New Nigerian da Gaskiya Ta Fi Kwabo ana neman su a Kaduna, a Gidan Arewa da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa. Ka tafi da kwanan wata a hannu. Wanda ya je ya ce a nemo masa labarin babansa kawai, wuni zai yi ya dawo da ƙura.

In a jirgi ya rasu

Wannan babi shi ya fi nauyi, kuma shi aka fi ɓatawa. Aikin nan tun farkonsa yana cin mutanensa, babba da yaro. Kanar Shittu Alao yana shugaban rundunar sukutum ya rasu a L-29 a watan Oktoba na 1969. Ranar 26 ga Satumba 1992 C-130 ya faɗi a Ejigbo jim kaɗan bayan tashinsa daga Legas, mutum fiye da 150 suka tafi, yawancinsu hafsoshi ɗaliban Jaji. A watan Mayu na 2013 Alpha Jet ɗinmu da ke Yamai don aikin Mali ya faɗi a Dargol cikin Nijar da matuƙa biyu. Ranar 21 ga Mayu 2021 kuma jirgin da ya ɗauko Laftanar Janar Ibrahim Attahiru, shugaban sojan ƙasa na lokacin, ya faɗi a Kaduna, mutum 11. Tambayi mutane a titi su wa suka rasu ran nan, za su ce maka Attahiru. Huɗu daga cikin goma sha ɗayan nan ma'aikatan jirgin ne, sojan sama, kowanne da gidansa. Jarida babban suna take ɗauka. Saboda haka kai a naka littafin rubuta sunan duk wanda ke cikin jirgin tare da mahaifinka, har mafi ƙanƙanta, ka kuma nemi iyalansu ka kai musu kwafi.

Game da dalilin haɗarin, rubuta abin da hukuma ta bayyana, ka tsaya nan. Za ka ji maganganu iri-iri a wurin ta'aziyya, wannan ya ce maƙarƙashiya ce, wancan ya ce an san jirgin ba lafiya. In kana da hujja, akwai inda ake kai ta, kuma haƙƙinku ne ku bi. Amma zargin da ka buga a littafi zai faɗa kan wani makaniki ko wani matuƙi da shi ma 'ya'yansa ke karatu. Hoton tarkace da na gawa kuwa kada ya shiga, ko da yana yawo a Facebook. Abin da ya fi amfani shi ne ka rubuta safiyar ranar kamar yadda gida ya gan ta: me ya karya da shi, wa ya raka shi mota, wa ya zo da labarin, wa ya buɗe ƙofa.

Akwai kuma abin da ba naka ba ne ka fitar. In aikinsa na kwanan nan ne, na Arewa maso Gabas ko dazukan Zamfara, kada ka buga shafukan logbuk na wannan lokaci, kada ka sa hoton cikin sansani, kada ka ambaci sunan abokansa da ke bakin aiki har yanzu. Masu neman su suna karatu su ma. Ba wa wani hafsa da ka amince da shi ya duba kafin a buga.

Yawancin matuƙa dai a kan gadonsu suke cikawa, bayan shekaru da ritaya. Kada littafin ya ƙare ranar faretin sallama. Wasu sun koma tuƙa jirgin alhazai, wasu noma, wasu kwamitin masallacin unguwa ko na coci, suna rigima da mutane a kan zuwa taro a makare. Shekarun nan ku kuka fi kowa saninsu, a nan ya kamata alƙalaminka ya sake.

To aibinsa fa? An hana mu zagin matattu, kuma ba a ce ka tona abin da Allah ya rufa ba. Amma zafin rai da tsananin horo da rashin zama a gida ba tonon asiri ba ne, kowa a gidan ya san su. In ya taɓa sa ku tsallen kwaɗo don kun makara sallar asuba, rubuta, ƙannenka za su yi dariya su yi hawaye. In akwai wanda abin ya yi wa ciwo har yau, zauna da shi kafin ka rubuta. Kada a kai wurin buga littafi sai kowane ɗaki ya karanta ya ce ya yarda.

Adanawa

Takardun asali kada ka kai a manne su da leda mai zafi, tana lalata su kuma ba ta ciruwa. Ɗauki hoton kowane shafi da rana a inuwa, ba da filasha ba. In za ka tura wa 'yan'uwa ta WhatsApp, tura a matsayin fayil, in ba haka ba zai rage ingancin hoton har ƙananan rubutun su dushe. Ajiye kwafi a Google Drive da wani a kwamfutar wani ɗan'uwa da ke wani gari. Bayan kowane hoto ka rubuta sunayen mutanen ciki da fensir, tun Umma tana gane fuskoki. Kaset na bidiyon biki da na fareti a kai a juye su tun ba su manne ba. Akwatin kuma a ɗaga shi daga ƙasa saboda gara da danshin damina. Logbuk da lambobin yabo da hular, a zauna a yanke wanda zai riƙe su da yardar magada duka, a rubuta a takarda, don irin waɗannan kaya da ba su da kuɗi a kasuwa sun fi fili haddasa gaba.

Ba na son bikin ƙaddamarwa da ake kiran masu kuɗi ana shelar miliyoyi a kan sunan mamaci. Shafi talatin ko arba'in da aka buga da kyau, a raba wa dangi da abokan aikinsa, ya wadatar. In kana son ranar da za ka sa wa kanka ka gama, ga 15 ga Janairu nan, ranar tunawa da 'yan mazan jiya.

Cikin wannan bincike za ka ci karo da wasu sunaye da ba ka sani ba, a bayan diyarinsa ko a saƙonnin banki na wayarsa: ɗan wani makaniki da yake biya wa kuɗin makaranta, matar wani abokinsa da ya faɗi da jirgi wadda yake aika wa buhun shinkafa duk azumi, wata gwaggo a ƙauye. Waɗannan ba na littafi ba ne, shi bai faɗa ba, kai ma kada ka buga. Rubuta su a takarda daban, tare da duk bashin da ka gano ana binsa. Bashin a biya shi daga dukiyarsa kafin a raba gado. Sauran sunayen kuma ka kira 'yan'uwanka ku zauna, a karanta su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi wanda zai iya ɗauka da abin da zai riƙa bayarwa, a sa wanda zai je ya gaya musu kafin zangon karatu mai zuwa.